Bakin Baba, bakin Hindatu: kundin aikin sa wa 'yan fim karin harshe

6 ga Janairu

Daftarin farko ya kammala, shafi 94, a tsarin da aka saba rubuta fim da shi: harafin Courier mai girma 12, wanda a ƙiyasi kowane shafi ke ba da kusan minti ɗaya a allo. Labarin ya tsaya da ƙafarsa, amma magana ba ta tsaya ba. Na rufe sunayen masu magana da takarda na karanta wasu fitowa, na kasa gane wa ke faɗin me. Kowa Hausar labaran rediyo yake yi, tun daga dattijo har ma'aikaciyar jinya.

Mutum uku ne ginshiƙan labarin. Akwai Baba Mamman, Basakkwace da ya haura saba'in, wanda yanar ido ta tilasta masa tarewa wurin 'yarsa har a yi masa aiki. Akwai Hindatu, 'yar tasa, wadda ta bar gabansa tun tana ƙarama, ta tashi da Kananci a bakinta, ta yi boko, yanzu tana aikin ofis. Sai Sista Rahila, wadda ba Hausa ta tsotsa a nono ba, amma da ita take aiki daga safe har dare. Tazarar da ke tsakanin uban da 'yar ita ce fim ɗin, kuma so nake mai kallo ya ji ta a kunnensa tun kafin wani ya furta ta.

Aikin da ke gabana shi ne sake rubuta maganganun mutum ukun nan ba tare da na taɓa ginin labarin ba.

9 ga Janairu

Tattara kaya. Na buɗe littafi na musamman don Baba, ina sauraron hirarrakin da aka yi da dattawan ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi, ina kwashe abin da ya maimaitu a bakinsu. Waƙoƙin makaɗan baka na yankin ma na saurara, amma da taka-tsantsan, don mawaƙi yana lanƙwasa magana saboda kiɗa, ba haka yake yi da iyalinsa ba.

Abin da na tara ya kasu gida biyu, ko da yake ban raba su da gangan ba. Akwai na furuci: f takan zama hw kafin a, kamar hwaɗa da hwari, ta zama h kafin i, kamar tahi da lahiya da kahin. Baƙin ƙarshen gaɓa yakan rikiɗe ya bi wanda ke gabansa, a ce yac ce, taz zo, rigas sarki. Sai na nahawu da kalmomi: munka, kunka, sunka, anka a wurin muka, kuka, suka, aka, shina a wurin yana, na da ta a wurin ne da ce, gidanai da rigatai a wurin gidansa da rigarsa, wanga da wagga, mi a wurin me, ɗiya, biyat, ukku, ƙaƙa a wurin yaya, awa a wurin kamar.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi mini rana, domin yakan nuna cewa kalma kaza ta Sakkwato ce, kaza ta Katsina. Sai dai littafin ya kai shekara casa'in, kuma ba duk abin da ke ciki ne har yau ke bakin mutane ba. Duk kalmar da ban ji ta a bakin mai rai ba, na yi mata alama na ajiye ta gefe.

Wani abu da na karanta ya gyara mini zama. Zamna da amre da sabka ba lalatacciyar zauna da aure da sauka ba ce. Su ne tsofaffin siffofin, Kananci ne ya tausasa m da b na ƙarshen gaɓa suka koma u. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan sauyi a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran dokar da sunansa. Ke nan Baba ba karya Hausa yake yi ba. In ma ana neman wanda ya sauya wani abu, to kakannin Kanancin Hindatu ne.

13 ga Janairu

Na sake rubuta maganganun Baba a shafuka ashirin na farko, na zuba duk abin da na tara. Ga misali daga fitowa ta 4:

BABA
Ai ni nic ce ki hwaɗa mai shi zamna hal in tahi in komo. Yarinyag ga, kahin ki hwahimci magana sai ta tsuhwa.

A ido yana da daɗi. Gobe zan ci gaba.

15 ga Janairu

Na kai shafi 51. Ba wani labari.

19 ga Janairu

Karatun tebur na farko, kuma ya watse. Mu shida ne: darakta, 'yan wasa uku, ni, da wani malamin makaranta mai ritaya, Basakkwace, wanda ya yarda ya zauna ya saurara.

Wanda ke karanta Baba ɗan wasa ne da ya daɗe a harkar, amma da Kananci ya tashi. Tun layi na biyu ya fara tuntuɓe. Idonsa na kan haruffa, yana haɗa hw da ninkin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, wasan kuwa ya bar shi a baya. Maganar da ya kamata ta fita da zafi cikin numfashi ɗaya sai ta fito gutsi-gutsi. Da ya ga abin na neman kayar da shi, sai ya koma ga abin da ya sani, wato muryar nan ta ɗan ƙauye da ake yi a finafinan barkwanci, ya ƙara mata hanci da jan wasali. Ɗakin ya fashe da dariya a daidai wurin da dattijo ke gaya wa 'yarsa cewa ba ya ganin fuskarta.

Malam bai yi dariya ba. Da aka tsaya shan iska na matsa kusa na ce, “Malam, ya ka ji shi?” Ya ce, “Wanga ba Basakkwace ba na. Bakano na, shina kwaikwayonmu.” Ya karɓi takardar ya nuna mini da biro. A shafi ɗaya Baba ya ce hwaɗa da tahi, amma a layi na gaba ya ce gidansa, ya ce yake, ya ce ne. Wato an sauya fatar magana an bar ƙashinta na Kano. Ya kuma ja layi a ƙarƙashin hwahimci da tsuhwa, ya ce ko da wani zai furta su haka, rubuta su ya sa jimlar ta zama wasan yara, kuma dattijo irin wannan gane zai ce.

Sai kuma abin da ya faru a fitowa ta 31, wanda shi ne ya sa ban yi nadamar zaman ba. Dare ne, Hindatu na laluben takardu a ɗaki, Baba da ba ya gani sosai ya ji motsi ya ce, “Mi kika yi?” Wadda ke karanta Hindatu ta ɗago a firgice ta ba da amsa kamar wadda aka kama da laifi, alhali layin da na rubuta mata shi ne “Ba komai, Baba, kwanta.” Darakta ya tsayar da ita. Ta ce ai tambayarta ya yi me ta aikata. Malam ya girgiza kai. A Sakkwatanci, nika, kaka, kika, shika, muka su ne nake, kake, kike, yake, muke. Tambayar Baba ita ce me kike yi yanzu. Da abin da ya wuce yake nufi, da kinka yi ko kiy yi zai ce. A baki akwai ɗan bambanci, domin muryar kan ja ta sauka a kan yi idan aikin na gudana, amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A takarda jimlolin biyu tagwaye ne.

Na dawo da takardu cike da jan biro. Abin da zaman ya ci: buga kwafi shida, kuɗin motar mutane, da ɗan hasafin Malam, wanda da ƙyar ya karɓa.

21 ga Janairu

Ban rubuta komai ba. Na zauna ina tunanin me takarda za ta iya ɗauka, me kuma ba za ta iya ba.

Rubutun fim ba littafi ba ne. Mai karanta ƙagaggen labari ba shi da kowa sai takarda, dole marubuci ya sa masa sautin a ido. Rubutun fim kuwa hannun ɗan wasa zai shiga, shi ne zai fitar da sautin, kuma mai kallo ba zai taɓa ganin yadda na rubuta lafiya ba, da f ko da h. George Bernard Shaw ya ci karo da wannan a wasansa Pygmalion, wanda aka nuna a Landan a 1914. Ya fara rubuta maganar yarinyar nan mai sayar da furanni harafi da harafi yadda talakawan Landan ke furtawa, bayan 'yan layuka ya sa bayani cewa ya haƙura, domin ba wanda zai gane rubutun a wajen Landan. Daga nan ya sassauta, ya bar wa 'yar wasa sauran.

Ga shawarar da na yanke. Abin da ɗan wasa ba zai iya cinka da kansa ba, shi zan rubuta: nahawu, zaɓin kalma, tsarin jimla. Munka, shina, nika, na da ta, nai da tai, mi, wanga, zamna, ɗiya, duk suna nan daram, kuma ba sa tsallake layi ko ɗaya. Furuci kuwa ya fita daga cikin layuka ya koma bayani guda a wurin da Baba ya fara bayyana: yana magana da Sakkwatanci, f ɗinsa hw ce ko h, a bi rikodin da aka tanada. Ninkin baƙi na bar shi a wuri ɗaya kawai, tsakanin wakilin suna da aikatau, irin su yac ce da niz zo, saboda a nan aikin nahawu yake yi.

24 ga Janairu

Fitowa ta 4 a sabon tsari:

BABA
Ai ni nic ce ki faɗa mai shi zamna har in komo. Ke kam ba ki jin magana sai an maimaita.

Ta fi gajarta, ta fi numfashi. Na tura wa Malam hotonta, ya amsa da kalma ɗaya: “Madalla.”

27 ga Janairu

Sauran maganganun Baba har shafi 70. Wasu tarkuna biyu irin na kika sun sake fitowa. Na da ta na Sakkwatanci suna rikicewa da na mallaka: “gaskiya ta”, wato gaskiya ce, ido na karanta ta kamar gaskiyata. “Shi na”, wato shi ne, tana kama da shina. Inda rikicin zai iya faruwa na juya jimlar, ko na bar ta a ƙarshen layi da aya a bayanta, yadda ba yadda za a yi a haɗa ta da abin da ke gaba. Zaka, wadda ke nufin zo, na cire ta gaba ɗaya ban da wuri ɗaya, don duk wanda na ba ya karanta sai ya ce za ka.

30 ga Janairu

Na koma kan fitowa ta 31. Tun ranar karatun abin ke cina. A labarin, Hindatu ta riga ta sa hannu a takardar amincewa da aikin ido ba da sanin Baba ba, kuma a daftarin farko wani ne daga waje ke tona asirin a shafi 60, hanyar da ban taɓa jin daɗinta ba. Yanzu na mayar da kuskuren 'yar wasan nan ya zama kuskuren Hindatu. Ta bar gaban ubanta tana ƙarama, kunnenta ya saba da Kananci, ga kuma rashin gaskiya na cin ta.

BABA
Hindatu. Mi kika yi?

HINDATU
(ta daskare)
Baba, wallahi don kai na yi. Likita ya ce in aka ƙara wata guda idon zai tafi, shi ya sa na sa hannu.

Shiru.

BABA
Ni motsi nij ji, shi nika tambaya. Ashe da abin da kinka yi.

Wannan ya kashe fitowa biyu da mutum ɗaya daga labarin, rubutun ya sauko shafi 89. Na ce ba zan taɓa ginin labari ba, ga shi na taɓa, kuma ban ga dalilin komawa baya ba. Malam ya ce kunnen Basakkwace ba zai ruɗe ba, amma na yarinyar da ta girma a wani wuri, cikin dare, da tsoro a ranta, zai iya. Ya ƙara da cewa kada ɗan wasa ya ɓoye jan muryar don ya taimaka mata, ya faɗe ta daidai, masu kunne su gane kafin ita.

3 ga Fabrairu

Na fara Sista Rahila, kuma ta fi Baba ba ni tsoro. Shi Baba yana da yanki guda da zai tsaya masa in na ɓata. Ita kuwa irin Hausarta miliyoyin mutane ke yi a kasuwa da asibiti da bariki, amma a fim ba a cika ba ta ga kowa ba sai wanda ake so a yi wa dariya.

Hausar tata tana da tsari. Ba ta raba namiji da mace a nahawu: yarinyan, motan, ita ne. Wannan ma ba na masu koyo kaɗai ba ne, ana jin sa a Hausar Zariya da Bauchi. Takan sa wanda aka yi wa aiki a bayan abin da aka yi, ta ce na ba magani ma Baba. Ba ta fitar da ƙ da ɗ da ɓ yadda Bahaushe ke yi. Kuma tana da sauri, ba ta laluben kalma, domin ta shekara ashirin tana ba marasa lafiya umarni da harshen nan.

SISTA RAHILA
Baba, ido ba ya son wasa. Na riga na ba maganin ma yarinyan ka. Safe ɗaya, dare ɗaya. In ka sa hannu a wurin, ni da kai ne.

Da farko na cire mata lanƙwasar haruffa, na rubuta daya da kofa da karfi. Sai na ga ba ya nuna komai. Da yawa daga cikin masu rubuta Hausa a waya haka suke yi, duk wanda ya gani zai ɗauka gajiya ce ta kama ni. Ga kuma ƙafa da kafa, baƙi da baki, da za su ruɗa mai karatu a banza. Na mayar da haruffan, furucin ya tafi cikin bayanin gabatar da ita, kamar na Baba.

Dokar da na sa wa kaina a kanta: a kowace fitowa da take ciki, ita ce ta fi kowa sanin abin da ake yi. Kuma ba wanda zai gyara mata Hausa a fim ɗin, ko da wasa.

5 ga Fabrairu

Akwai wani mai gadi da ke da layi huɗu. Na tarar na rubuta masa inaso, nagode, bazan, duk a haɗe, don in nuna bai yi makaranta ba. In aka furta su, ba su da bambanci da ina so, na gode, ba zan. Kyamara ba ta ɗaukar tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wani masanin harshe a Amurka, George Philip Krapp, ya yi magana kan wannan dabara tun 1925: a karkata rubutun kalmar da kowa ke furtawa iri ɗaya, don marubuci da mai karatu su haɗa ido su raina mai maganar. Na gyara layukan huɗu, na ba shi ɗabi'ar amsa tambaya da tambaya a maimakon haka.

8 ga Fabrairu

Koma baya. Na ba wata mai duba rubutu daftarin don ta kama mini kurakuran bugu, na haɗa mata da takardar bayani. Takardar ba ta isa gare ta ba, ko ta isa ba ta buɗe ba. Ta yi aikinta tsakani da Allah: duk yarinyan ta koma yarinyar, duk ita ne ta koma ita ce, munka ta zama muka, shina ta zama yana. Mi kika yi ma ta zama me kika yi, fitowar da na fi ji da ita ta mutu murus. Kuma a kan fayil ɗin ta yi gyaran kai tsaye, ba alamar inda ta taɓa.

Tsohon kwafin da ke hannuna na kafin fitowa ta 31 ne da Sista Rahila, don haka sai da na bi layi-layi da takardun da na buga da hotunan da na tura wa Malam. Manhajojin rubutun fim suna iya fitar da maganganun mutum ɗaya su kaɗai a jere, wannan ya rage wahalar. Na biya ta kuɗin aikinta cikakke, tunda abin da aka san ta da shi ta yi.

Daga yau bayanin karin harshe yana shafin farko na rubutun kansa, ba a wata takarda daban ba. Shafi ɗaya ne: sunan kowa, abubuwa biyar ko shida da bakinsa ya keɓanta da su, da jimla ɗaya da manyan haruffa cewa abin da ke cikin maganganu da gangan ne.

10 ga Fabrairu

Gyaran ɓarna. Ya ƙare.

13 ga Fabrairu

Hindatu. Na ɗauka ita ce mai sauƙi tunda Kananci ne tushen daidaitacciyar Hausa, ashe a nan tarkon yake. Ba wanda ke magana da daidaitacciyar Hausa a tsakar gida, har Bakano. Hindatu min take cewa, ba mini ba, ta ce ce mar, ta ce ya kike. Tana yanke jimla a tsakiya, tana fara wata. In na bar ta da Hausar littafi alhali sauran biyun na da kari, fim ɗin ya yanke hukunci ke nan cewa ita ce mai daidai, su ne masu karkata.

Na zana mata jadawalin wa take yi wa magana. Da abokan aikinta ingausa take yi, Turanci na shiga yana fita. Da likita tana cewa tiyata, da Baba aikin ido. Kalmomin aro da suka zauna, irin su asibiti, fayil, nas, na rubuta su da Hausa. Inda ta tsallaka Turanci da gaske, jimla guda ko rabi, na rubuta da Turanci yadda yake, don ɗan wasa ya san tsallakawa ce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda Sakkwatancin ƙuruciyarta ke ɓullowa. Sau uku kawai na bari. Na farko cikin fushi, mi ta kuɓuce mata ta yi saurin gyarawa. Na biyu tana waya da gwaggonta. Na uku a ƙofar ɗakin tiyata, ta ce “Allah shi tashe ka lafiya, Baba”, ba ta gyara ba. Cikin ukun, a nan kaɗai na sa bayani cikin baka a ƙarƙashin sunanta, don kada wani ya ɗauka kuskure ne. Darakta na son a ƙara, ni ina ganin in ya wuce uku ya zama ado.

17 ga Fabrairu

Da na fitar da rubutun zuwa PDF don bugawa, duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna. Nau'in Courier ɗin da ke cikin manhajar ba shi da haruffan. Ban lura ba sai da aka buga kwafi bakwai. Na nemo wani harafin mai faɗi ɗaya da ke ɗauke da su, na duba adadin shafuka bai motsa ba, na sake bugawa. Kuɗin bugu ya ninka.

19 ga Fabrairu

Malam ya karanta duk layukan Baba a waya, na yanka su fitowa-fitowa na tura wa ɗan wasan. Na roƙi Malam kada ya yi wasa, ya karanta kawai kamar yana hira, don kada ɗan wasan ya kwaikwayi wasan wani. Wata ma'aikaciyar jinya da Hausarta ta yi kama da ta Rahila ta yi mana haka ita ma, ta kuma sauya layuka da dama. Ta ce ba mai cewa “ka yi haƙuri ka kwanta” a ɗakin da ke da gado talatin, “Baba kwanta” ake cewa a wuce.

23 ga Fabrairu

Karatu na biyu. Tuntuɓen ya tafi. Ɗan wasan ya zo da hw ɗinsa a baki, idonsa ya bar takarda. Fitowa ta 31 ta yi abin da ake so, ba wanda ya yi tari.

Dariyar ce ba ta tafi duka ba. Mun gayyato mutum biyar da ba su san labarin ba, kuma da Baba ya buɗe baki a fitowarsa ta farko, biyu sun murmusa tun bai kai ƙarshen jimla ba. Ba abin dariya a layin. An dai saba musu ne cewa in aka ji munka a fim, barkwanci na tafe. Wannan ba abin da rubutun kalma zai gyara ba ne. Darakta ya kawo shawarar a rage karin a farko a riƙa ƙara shi a hankali. Ban yarda ba, domin dattijo ba ya sauya baki daga fitowa zuwa fitowa, kuma masu karin za su kama mu.

Abin da muka tsaya a kai: a sauya fitowar farko. Yanzu tana buɗewa da shi yana laluben takalminsa, abin tausayi. Za a fara da shi yana raba gardama tsakanin mutum biyu da suka kawo ƙara gabansa, ana sauraronsa, ba mai katse shi. Kuma a ba shi barkwanci na kansa da wuri, wanda shi ya shirya shi, yana zolayar Hindatu kan yadda take cewa zauna. In mai kallo ya yi dariya tare da shi sau ɗaya, zai yi wuya ya koma yi masa.

Ɗaya daga cikin baƙin bai gane awa ba, ya ɗauka sa'a ake nufi. Ta fito sau biyar, na bar biyu inda abin da ake kwatantawa ke gaban kyamara. Ƙaƙa ba ta ba kowa matsala ba.

26 ga Fabrairu

Sabuwar fitowa ta farko, shafi biyu da rabi. Jimilla 91.

2 ga Maris

Zama da mai yin fassarar da za a sa a ƙasan allo. A Turanci duk aikin nan zai baje, Baba da Hindatu da Rahila su koma baki ɗaya. Ya tambaya ko ya ba Baba karyayyen Turanci, na ce sam. Mun yarda ya ba shi gajerun jimloli masu nauyi, ba kalmar zamani, Rahila kuma ta samu Turanci lafiyayye mai umarni. Fitowa ta 31 ce ciwon kai: in ya fassara tambayar da abin da ke gudana, amsar Hindatu ba ta da dalili, in ya fassara da abin da ya wuce, amsar Baba ta rushe. Yana gwada tambayar da ba ta da aikatau sam, wani abu kamar mene ne haka, ya bar layin Baba na ƙarshe ya ɗauki bayanin.

Ya kuma tambaya ko za a sa wa Baba fassara da daidaitacciyar Hausa don masu kallon da ba su saba ba. An taɓa yin irin haka a wani wuri: fim ɗin Ken Loach, Riff-Raff na 1991, da Turanci aka yi shi, amma da aka kai shi Amurka sai da aka sa masa rubutu a ƙasa saboda karin leburorin Birtaniya. Ni ban ga bukata ba a nan. A karatu na biyu kalma ɗaya ce tak ta ɓace wa mutane.

Abin da ya rage kafin a miƙa wa furodusa: Malam ya sake bin sabuwar fitowa ta farko ya yi mata rikodi, a ba mai kula da daidaiton fitowa kwafin shafin karin harshe don ya riƙa kama kuɓucewar baki a wurin ɗauka, a kuma sa kuɗin mai horar da furuci na kwanakin da Baba ke gaban kyamara cikin kasafi. Furodusa bai san da wannan na ƙarshen ba tukuna, ranar Alhamis za mu zauna.